Katifa Ba Wurin Rubutu Ba Ce



Akwai maganar da muke yawan yi a tarukanmu, wai marubucin gaske ko'ina ya samu kansa yana rubutu. Mun mayar da ita abin taƙama, alhali mun san inda "ko'ina" ɗin nan take: kan katifa, a kishingiɗe, waya a saman fuska, saƙon WhatsApp na shigowa a tsakiyar jimla. Daga nan muke tura babi ba mu sake karanta shi ba. Uban jaruma ya rasu a babi na 3, sai ga shi a babi na 20 yana karɓar sadakinta. Makaranci ya yi magana, mu ce ajizanci ne.

Za a ce ai malaman zaure ba su da tebur, kuma sun bar littattafai. Haka ne. Amma suna da buzu a wuri guda, tawada da alƙalami a gefe, kuma in malam ya zauna duk gidan an san aiki yake. Abubakar Imam ma ba a tsakanin darussa ya rubuta Magana Jari Ce ba. A 1936 aka ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya, ya yi kusan wata shida a kan wannan aikin.

Ba muna nufin tebur mai gilashi irin na ofishin manaja ba. Mun ga waɗanda suka saya, yanzu kayan kwalliya ne a kai. A je wurin kafintan unguwa, ya haɗa na katako: tsawo ƙafa 3, faɗi ƙafa 2, tsayi inci 29 zuwa 30. A tafi da kujerar da za a zauna a gwada, domin abin lura shi ne hannu ya kwanta a kan tebur ba tare da ɗaga kafaɗa ba, tafin ƙafa kuma ya taka ƙasa. In bai kai ba, a sa bulo. A girgiza shi kafin a biya. Mai rawa sai ya gundure ka cikin mako guda. Taga ta kasance a gefe, don in tana baya haske zai riƙa dukan fuskar waya. Fitila mai caji dole ce, mun san halin wutarmu. Mai rubutu da waya ya jingina ta a kan littattafai daidai ido, ya nemi ƙaramin allon bugu na Bluetooth, wuyansa ya huta.

'Yan uwanmu mata sun fi kowa buƙatar wannan. Wadda aka gani kwance da waya, hira ake ɗauka tana yi, don haka yanzu a aike ta, an jima a miƙo mata yaro. In aka ga tebur da littafin tsara labari a buɗe, ko ƙanin da ya fi kowa fitina sai ya tsaya a bakin ƙofa tukuna. In ɗakin ya yi ƙunci, akwai mai naɗewa da ake jinginawa bayan ƙofa, kuma kafinta ya iya shi.