Wasiƙunka na Imel: Naka Ne Ko na Manhajar da Ke Riƙe da Su?

Kowannenmu yana da tarin wasiƙun imel: gyaran da malami ya yi wa babin kundinsa, amsoshin mutanen da ya yi wa tambayoyin bincike, takardar shaidar biyan kuɗin makaranta, da sauransu. Yau mutum ya karanta su a kwamfutar da ke aiki da Windows, gobe a ta ɗakin karatu mai Linux, jibi a wayarsa mai Android. Tambayar da nake son mu yi wa kanmu ita ce, ina ainihin wasiƙun nan suke zaune? Ra'ayina shi ne, bai kamata mai hankali ya bar wasiƙunsa a hannun manhaja guda ko babbar manhaja guda ba.

Kowace manhajar karanta imel tana da irin rumbunta. Outlook na kamfanin Microsoft yana zuba wasiƙu cikin fayil mai suna PST. Outlook Express, wanda zamaninsa ya ƙare tare da Windows XP, yana amfani da DBX ne. Thunderbird kuwa, wadda cikakken zubinta na farko ya fito a 2004, tana bin tsohon tsarin mbox da aka gada daga Unix, inda ake jera wasiƙun folda guda cikin fayil ɗaya, wata na bin wata, a rubutu tsagwaronsa. Akwai kuma Maildir, wanda Daniel Bernstein ya tsara, inda kowace wasiƙa ke da nata fayil. Waɗannan rumbuna ba sa jin yaren juna. Wanda ya tara wasiƙun shekara biyar a DBX, ranar da ya koma wata manhaja sai ya nemi tafinta kafin ya karanta abin da shi da kansa ya rubuta.

Masu kwamfuta guda da ke ɗauke da Windows da Linux sun daɗe da gano wata dabara. Sai su sa Thunderbird a ɓangarorin biyu, su ajiye foldar wasiƙun a wani yanki na faifan ajiya da kowanne ɓangare ke iya gani, sannan su gyara ɗan fayil ɗin profiles.ini domin dukansu su nufi wuri guda. Dabarar tana aiki, amma ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita, saboda dalilai uku.

Na farko, faifan da kansa. Idan an tsara yankin da FAT32, fayil guda ba zai wuce gigabait 4 ba, alhali akwatin mbox mai cike da hotuna da muryoyin hira kan kumbura. Idan kuwa NTFS ne, tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin saurin tashi wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, don haka Linux kan ƙi yin rubutu a yankin. Na biyu, zubin manhajar: daga Thunderbird 68 zuwa sama, idan sabon zubi ya buɗe ma'ajiyarka, tsohon zubin da ke ɗaya ɓangaren zai ƙi karɓarta. Na uku, Maildir ma ba ya fid da kai, domin sunayen fayilolinsa suna ɗauke da alamar ruwa biyu, wadda Windows ba ta yarda da ita a sunan fayil. Ƙara da ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu cikin fayil guda da ya ƙunshi dubban wasiƙu. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

To, mene ne mafita? A ganina ita ce IMAP, tsarin da Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. Tsohon tsarin POP yakan kwaso wasiƙu daga sabar zuwa kwamfuta ɗaya, sau da yawa ya share na can, ta yadda sauran na'urorinka ba za su gan su ba. IMAP kuwa yana barin wasiƙun a sabar, kowace manhaja ta leƙo ta ɗauki kwafi. Abin da ka karanta a waya zai nuna an karanta a kwamfuta; foldar da ka buɗe a Linux za ka tarar da ita a Windows. Gmail, wanda aka buɗe a 2004, ya ƙara IMAP a 2007, kuma manyan manhajojin imel duk sun san shi.

Wani zai ce ai wannan sai mai data, kuma an bar dukiya a hannun kamfani. Maganar data tana da sauƙi, domin ana iya umartar manhaja ta riƙe kwafin wasiƙu don karantawa ba tare da intanet ba. Magana ta biyu kuwa gaskiya ce, ba na musunta. A IMAP, abin da ka share a na'ura ɗaya ya sharu a ko'ina. A 2013 Yahoo ya karɓe adireshin waɗanda suka daina amfani da akwatinsu ya ba wasu, kuma daga Disamban 2023 Google ya ba kansa damar share akwatin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Adireshin da jami'a ta ba ɗalibi ma ana iya rufe shi bayan ya gama. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka sai a haɗa biyu: IMAP don aikin yau da kullum, mbox don ajiya. A ƙarshen kowane zangon karatu, sauke wasiƙunka a tsarin mbox, ko ta Google Takeout ko ta Thunderbird, ka adana a filashi ko wani faifai dabam. Thunderbird da Apple Mail duk suna iya buɗe shi, kai ko manhajar rubutu zalla ma za ta nuna maka abin da ke ciki.

Mu masu nazarin Hausa muna da ƙarin dalili. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsofaffin jadawalan haruffa na Yammacin Turai. Idan manhajar sauya tsari ta yi kuskure wajen kwashe wasiƙu daga wannan rumbu zuwa wancan, sai su koma alamar tambaya ko wasu zane-zane marasa ma'ana. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin bambancin "ƙafa" da "kafa", ko "ɗaki" da "daki", shi ne bayanan binciken kacokan. Don haka a tabbatar wasiƙu suna fita da UTF-8, kuma duk lokacin da aka yi ƙaura, a buɗe wasu daga ciki a duba haruffan kafin a share tsohon rumbu.

Kirana ga 'yan ajin ƙarshe musamman shi ne, kada ku bar makaranta ba ku sauke wasiƙunku ba. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, ya dace a ware yini guda a kowace shekara, waɗanda suka iya su koya wa waɗanda ba su iya ba. Aikin ba ya cin awa biyu, amma yana iya ceton wahalar shekara huɗu.