Mirabai: A Daina Tsayawa Kan Kofin Guba

A Indiya, duk wanda ya tashi ba da labarin Mirabai da kofin guba yake farawa. Wai ƙanen mijinta, sarkin Mewar, ya aiko mata da guba, ta shanye ko gezau. Wai ya sake aiko da maciji cikin kwando, tana buɗewa sai ga furanni.

Ni a ganina waɗannan almara sun danne ainihin labarin. 'Yar sarauta ce daga Rajastan, an haife ta wajen 1498, aka aurar da ita ga yarima Bhoj Raj a 1516. Ba a daɗe ba ya rasu. A al'adar fadarsu, matar mamaci kulle take shiga, ta yi shiru. Ita kuwa sai ta fito tana rera waƙoƙin bege ga Krishna, abin bautarta, tana cuɗanya da talakawa masu ibada. Abin da ya tsone wa dangin miji ido ke nan.

'Yan'uwa ɗalibai, maciji ya zama fure, wannan zancen baka ne. Amma ku kwatanta yarinyar da ta tashi cikin daula, ta juya wa fada baya ita kaɗai. Har yau 'yan Hindu na rera waƙoƙin da ake dangantawa da ita, a gidaje da wuraren ibada.