Hatsarin Moto: A Faɗi Gaskiya, A Riƙe Takarda

  Yau zancen moto za mu yi, da takardun da ake ba mu a likita idan tsautsayi ya afka.

Watan jiya wata ƴar ƙungiyarmu ta hau kabu-kabu za ta kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwa. Mai moto ya bar hanya, ya yanke ta cikin gonaki don ya rage tafiya, sai sunka yi karo da amalanken shanu. Ƙafarta ta karye ƙasa da gwiwa, kanta kuma ya bugi ƙasa. Kafin su isa likita yaron ya roƙe ta: "Inna, don Allah kada ki ce moto ne, kada a kai ni jandarma. Ni zan biya rabin kuɗin." Ta ji tausayinshi, ta ce ma majo faɗuwa ta yi. Shi ko ya rubuta abin da anka faɗa mishi, ya duba ƙafa, ba wanda ya ambaci kai.

Bayan kwana biyu sai amai da jiri da barcin da ba na lafiya ba. Anka sake ɗaukarta, anka tura ta babbar likita. Allah ya kiyaye, ta tashi. Amma ranar lissafi dangin yaron sunka ce, "Ina anka rubuta moto?" Babu. Resin magani ma ba ta aje ko ɗaya ba. Rancen da ta ɗauka a asusunmu, ita kaɗai take biya yanzu.

Ƴan uwa, ku san cewa a wurin ma'aikatan lafiya kowane ciwo yana da suna, yana da lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da babban kundi da ya jera cututtuka da raunuka, a Faransanci ana ce mishi CIM. Bugu na 10 shi ne wanda anka daɗe ana aiki da shi, na 11 kuma ya fara aiki a 2022. A cikin na 10, mai rauni yana samun lamba iri biyu. Ta farko tana faɗin abin da ya samu jiki: S82 karayar ƙafa ce ƙasa da gwiwa, S72 karayar cinya, S06 kuma rauni cikin kai. Ta biyu tana faɗin yadda abin ya faru. Daga V20 zuwa V29 duk na wanda ke bisa moto ne: V20 idan mutum ko dabba anka buge, V22 karo da wani moto, V26 karo da amalanke da irinshi, V27 idan icce ko dutse ne, V28 idan moto ya zame ya faɗi ba tare da karo ba. Akwai kuma ɗan adadi a ƙarshe da ke nuna ko direba ne ko fasinja, ko bisa hanyar jama'a ne ko a wani wuri kamar gona. Hatsarin ƴar uwarmu V26.1 ne, wato fasinja, karo da amalanke, ba bisa hanya ba. Faɗuwar da ta faɗa ma majo kuwa wani babi ne daban, babu moto cikinshi.

Ba wai ku hardace lambobin nan ba. Ko an sa lamba a karnenki ko an rubuta sunan ciwon kawai, daga bakinki ake ɗaukar yadda abin ya faru. Wanda ya ji "moto" zai tambayi kai da wuya da ciki, don ya san ƙarfin bugun. Wanda ya ji "na faɗi" yana iya tsayawa inda kika nuna mishi.

Sai batun kuɗi. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar asiransi ta CIMA, wadda ta wajabta ma duk abin hawa mai inji, har da moto, ya yi asiransi saboda mutanen da zai iya jikkatawa. Na sani, da yawa cikin motocin ƙauyukanmu ba su da ita. Amma in akwai, ba za a biya ki da baki ba, sai da konsta na jandarma ko ƴan sanda, da takardar likita mai faɗin raunin, da resi. In babu, gaban mai gari ko limami ma takardun nan su ne shaidarki.

Ku tuna kuma, tun 2006 anka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su a likitocin gwamnati, kuma daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a can. Don haka ki tambayi farashi a kes kafin ki biya, ki karɓi resi mai tambari. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Likitar Galmi, wadda mishan sunka buɗe tun 1950, ba ta gwamnati ba ce, tana da nata tsarin kuɗi. Can ma a tambaya, a karɓi takarda.

Ga abin da munka tsaida a taronmu, ko wasu ƙungiyoyi za su ɗauka. Duk wadda hatsari ya samu, ko ɗiyanta, wadda ta iya karatu cikinmu za ta raka ta. Za a faɗi gaskiya: moto ne, da abu kaza anka yi karo, a wuri kaza, kai ya bugu ko bai bugu ba. Kafin a fito, a roƙi majo ya karanta abin da ya rubuta da Hausa. Karne, ordinansi, hoton ƙashi, takardar turawa da kowane resi, har kuɗin man ambilans, a haɗa su cikin leda guda. Asusun taimako zai fidda kuɗi nan take, don ciwo ba ya jiran ranar taro, amma mako mai zuwa a kawo takardu gaban kowa. In mai moto ya yi alkawari, a rubuta gaban shaidu biyu tun ranar.

Ban raina maɗori ba, iyayenmu sun amfana da su. Amma a fara yin hoton ƙashi, kuma idan ƙashi ya huda fata, ko akwai amai ko suma bayan bugun kai, likita za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Tun 1991 da Mata Masu Dubara sunka fara a jihar Maradi, abin da ya riƙe asusu shi ne a ƙirga kuɗi gaban ido, kowa ta shaida. Mu kai wannan hali har ƙofar likita. Ƴar uwarmu ta fara taka ƙafa da sanda, mun kuma ƙara mata wata biyu ga biyan rance. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare mu da ɗiyanmu bisa hanya. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.