Ƙasar Noma Ta Gaji, Buhun Taki Kaɗai Ba Zai Tashe Ta Ba

Akasarin gonakin tudu a Kano, Katsina, Jigawa da Maraɗi rairayi ne. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe abincin shuka, sai in ta samu ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. A da, idan gona ta gaji, akan bar ta ta zama saura na wasu shekaru. Yanzu rabon gado ya yayyanka gonaki, babu mai filin da zai hutar. Da an gama girbi kuma sai a kwashe kara don danni da girki, harawa ta tafi kasuwa, a bar gona tsirara iskar hunturu tana share samanta. Inda ƙuduji ya mamaye gero da dawa, manomi ya san ƙasar ta talauce.

Maganin da gwamnatoci suka fi sani shi ne takin zamani. A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. A 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka riƙa haɗa kamfa a cikin gida ana sayar da buhu a kan naira 5,500, farashin da ya zama tarihi. A 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas. Duk wannan abin yabo ne, amma muna ganin an tsaya a rabin hanya. Takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa. A gonar da ta rasa ruɓaɓɓen abu, ruwan sama kan wuce da wani kaso nasa ƙarƙashin saiwa, yawan zuba yuriya shekara da shekaru kuma na ƙara wa ƙasa tsami.

Abin da ke gina ƙasa ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Karkarar Kano ta daɗe ana nomanta kowace damina saboda jakuna da ke fito da shara da toka daga birni a mangala, da takin turke da ake kaiwa gona da rani. Makiyayi kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, a ba shi hatsi. Rikicin manoma da makiyaya ya kashe wannan ciniki a wurare da yawa, asarar da ba a cika lissafawa ba. Sharar birni kuwa yanzu leda ta cika ta. Wake, gyaɗa da waken suya suna nan, saiwarsu na tara sinadarin da ake biyan kuɗi a saya cikin yuriya.

Darasi mafi girma na Nijar ne. Daga 1983, a jihar Maraɗi, manoma suka fara sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a raine su. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 a faɗin Nijar ta sake samun itatuwa ta haka. Gawo ne kan gaba, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya hana shuka rana, hatsin gindinsa kuma ya fi na nesa kyau. Aikin ya yi ƙarfi ne da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne.

Ya kamata jihohi su ware wani kaso na kuɗin tallafin taki su ɗauki malaman gona, su kuma haɗa kai da cibiyar binciken noma ta Samaru a kai gwajin ƙasa ƙananan hukumomi, domin gonar Dambatta da ta Funtuwa ba taki iri ɗaya suke buƙata ba.