Rahama Sadau: Daga korar MOPPAN zuwa kwamitin gwamnatin tarayya

A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar ClassiQ. Jarumar ta karkata zuwa Nollywood, ta fito a Up North a 2018. A 2024 aka sanya ta cikin kwamitin iDICE, shirin dala miliyan 617, a shekarar da Ali Nuhu ya zama shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Abuja ta amince fim sana'a ce, amma naɗin taurari bai kai jari hannun masu tasowa ba. Za a auna shirin ne ranar da matashiya daga Nguru ko Gashuwa ta samu horo da rance ba tare da ubangida ba.