Kada A Sayar Da Tarihi A Kan Sikeli

A ƙasar Ingila akwai mutanen da ke tara tsofaffin mabuɗan kwalba masu murɗi, irin wanda Samuel Henshall ya yi wa rajista a 1795. Har gwanjonsu ake yi a London, ana zuba kuɗi masu yawa a kan ɗan ƙarfen da bai kai taki ɗaya ba.

Amma a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tsohon takobi da likkafa da linzami, ƙirar maƙeran Zamfara, 'yan gwangwan ne ke aza su bisa sikeli, su saya da arha, a je a narkar. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai da izni. To, amma magajin da yunwa ta matsa wa, ina zai kai nasa?

Saboda haka ya kamata sarakunan garuruwan nan uku su keɓe ɗaki a fada, hukuma ta riƙa saye da daraja, tana rubuta asalin kowane. Abin da wuta ta narkar, kuɗi ba su mayar da shi.