Ɗaliba A Otal Wata Guda?

Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kongo ba ta rabo da baƙi, don a nan ake koyon aikin lauya da sha'anin mulki. Yanzu har da 'yammata da matan aure masu zuwa kwas ko jarrabawa. Wadda ta rasa ɗaki a makaranta sai ta kama na ƙaramin otal wajen Tudun Wada, wata guda cur, wai don araha.

To, ina arahar? An hana ta hura risho, abinci sau uku sai na saye. Famfo ya ɗauke, sai 'yan garuwa. Ƙofar ma ba sakatar kirki. Ga kuma bakin mutane: da an hange ta tana fitowa daga otal, labari ya riga ta isa wurin miji.

Ni dai laifinmu nake gani, mu matan Zazzau. Daga Kongo zuwa Ƙofar Doka ba wata tafiya ba ce. Duk mai ɗakin da ba kowa, ta nemi izinin maigida ta sauki ɗaliba, ko da za a yanka mata ɗan kuɗin cefane. Ke kuma ɗaliba, tun kafin ki taso ki sa iyayenki su yi miki cigiyar gidan mutunci a cikin birni.